Dokar Rediyon Kawu Ɗanlami

Jama'a, yau na yi tsintuwa! Ina kwashe tarkace a ɗakin marigayi Kawu Ɗanlami sai ga rediyonsa, wanda aka taɓa kafa wa doka sukutum.

Lokacin ana ta raɗe-raɗin kawo babban birnin ƙasa kusa da mu, sunan garinmu ma bai koma Suleja ba. Dattawa suka ƙaurace wa zauren mai unguwa, suka tare a teburin shayin Kawu don jin labarai. Sai mai unguwa ya sa sankira ya zaga: an hana kowa kunna rediyo a waje. Kowa fa! Alhali rediyo ɗaya ne a unguwar.

Cinikin Kawu ya mutu. Rana ta uku sai ga mai unguwa ya raɓo yana gyaran murya.

"Ɗanlami, wai har gonakinmu na Madalla za a karɓe? Me akwatin ya ce?"

"Ranka ya daɗe, bakinsa gum. Mai bin doka ne."

Mai unguwa ya ja benci ya zauna. "Kai, kunna mana. Zubo shayi."

Duk karance-karancena ban ga dokar da aka soke a kan benci ba sai wannan. A unguwarku wa aka taɓa ɗinka wa doka daidai wuyansa?