Motar Baffa Sabo a Hanyar Mambila

Tashi daga Jalingo

Ana idar da sallar asuba na tayar da jif ɗin a ƙofar gidanmu da ke Sintali, daga ni sai Dada, mahaifiyata. Matata Hajara ta jera mana barguna da filas ɗin kunu a baya, tare da busasshen kifi da turmin atamfa da Dada ta tanadar wa ƙanwarta. Dada ta shafa kujerar gaba da tafin hannu, don idanunta sun yi yana, abin da ya wuce tsawon hannu ba ta ganinsa sai dishi-dishi. Ta ce, "Wannan ai gado ne, ba kujera ba." Na ji daɗin maganar har cikin raina.

Ƙanwar tata, wadda muke kira Yapendo, tana can wani ƙauye a kan tsaunin Mambila, bayan Nguroje, inda aka haife su. Rabon da su haɗu tun ban yi aure ba. Da saƙo ya zo cewa Yapendo tana kwance, jiki ya ƙi daɗi, sai Dada ta daina cin abinci sosai. Abu ɗaya take so, ta riƙe hannun 'yar'uwarta kafin ɗayarsu ta tafi. Ga ciwon ƙugu, ba ta iya hawa acaɓa, ƙaramar mota kuma ba ta shiga wannan hanya. Dalilin da ya sa na nemi jif mai jan ƙafa huɗu ke nan.

Wanda ya sayar mini shi ne Baffa Sabo, ƙanin surukina, mai shagon kayan gini a Kasuwar Jalingo. Tsohuwar mota ce, ta sha duniya, amma inji luf-luf. Ranar da na je dubawa, bayan sallar Juma'a, na yi niyyar in kai ta ramin kanikawa a leƙa ƙarƙashinta, in kuma gwada ta a yashin rafin Mayo Gwoi. Baffa ya zauna a gefena, ya ja ƙaramar giyar da ke haɗa ƙafa huɗu, wata koriyar fitila ta kama a gaban sitiyari.

"Ka gani ko? Ƙafa huɗu ke nan. Wannan ko bango za ta hau."

"Haka ne, Baffa."

Me zan ce? A wajenmu ba a kwanciya a ƙasa a leƙa ƙarƙashin motar suruki yana tsaye a kanka. Kamar ka ce masa maƙaryaci ne. Na yi godiya, na karɓi makulli.

Garba Chede zuwa Serti

Hanyar ta yi mana kirki da farko. A shingen Garba Chede wani jami'i ya leƙo, ya ga Dada a naɗe cikin bargo, ya ce, "Mama, sanyin tun daga nan?" Ta ce masa tana yin gwaji ne. Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Mun karya a Bali da ƙosai da shayi. Daga nan ramuka suka fara, jif ɗin kuwa tana haɗiye su kamar ba komai. Ina wuce ƙananan motoci ina jin kaina. Kusa da Serti allurar zafi ta ɗan ɗaga, na tsaya na ƙara wa lagireto ruwa, na duba tayoyi huɗu da fitilu da man birki. Komai na duba ban da ƙarƙashi.

A Serti muka kwana, gidan wani abokin karatuna. Matarsa ta yi mana tuwon masara da miyar kuɓewa. Maigidan ya dubi sama ta wajen tsauni ya ce, "Damina ta sauka da wuri bana. In dai za ku ƙetare mayo, ku ƙetare gobe kafin la'asar." Mayo shi ne rafi da Fulatanci. Na ce masa da wannan motar kafin azahar ma mun isa.

Hawan dutse

Daga Mayo Selbe aka fara hawa. Kwana bayan kwana, dama dutse, hagu rami mai zurfin da ba ka son kallo. Kwalta ce, don haka motar ta hau ba gardama. Muna kaiwa sama iska ta canza. Dada ta ce in sauke mata gilashi. Ta shaƙa, sannan ta fara lissafo mini abin da ke gefen hanya ba tare da ta gani ba: ciyawa har gwiwa, shanu jajaye masu dogon ƙaho, itatuwan turare a jere. Duk haka ne kuwa. Tun rasuwar mahaifina ban ji tana magana da irin wannan murya ba.

A Nguroje na sha mai, na sayi 'ya'yan itacen fiya. Mai tireda ya tambaye ni inda za mu, na gaya masa. Ya dubi motar ya ce, "Ƙafa huɗunta na aiki?" Na ce ƙwarai. Ya ce to Allah ya kiyaye.

Inda kwalta ta ƙare

Mun bar kwalta da hantsi, muka shiga jar ƙasa mai danshi. Tudu ɗaya ya rage, sai gangara zuwa mayo, sai gadar katako, sai ƙauyen. A gindin tudun na tsaya, na ja ƙaramar giyar, koriyar fitila ta kama. Na yi bisimilla.

Mun kai rabin tudun sai bayan motar ya fara rawa. Na ƙara wuta, ta yi ƙara, ta watsa laka, ta zame da baya ta zauna a cikin kwata. Na sake gwadawa har sau nawa. Warin taya ya cika motar. Wasu makiyaya suka zo suka sa hannu, ana turawa ana zamewa. Wani dattijo a cikinsu, Malam Buba, ya tsaya a gefe yana kallo, sannan ya ƙwanƙwasa mini gilashi da sandarsa.

"Ɗana, ƙafafun gaban nan barci suke yi. Na baya ne kawai ke wahala."

Na sauka, na kwanta a cikin lakar nan, na tura kaina ƙarƙashin motar. Akwai wani dogon ƙarfe da kanikawa ke kira farfela, shi ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin gaba. Inda ya kamata ya kasance babu komai, sai ramukan kusoshi da suka yi tsatsa. An daɗe da kwance shi. Fitilar tana kamawa ne don an ja giya, ba ruwanta da abin da ke ƙasa.

Na daɗe a kwance a wurin. Abin da na ji kunyar yi a tsakar gidan Baffa, a kan siminti mai tsabta, shi nake yi yanzu a cikin taɓo. Dada ta kira ni, "Lafiya dai?" Na ce mata ƙaramin abu ne.

Sai bayan la'asar muka ciro ta, da igiya da duwatsu da ƙarfin mutane, muka kai ta kan tudun. Kafin mu huta hadari ya rufe ko'ina. Ruwan Mambila ba ya sallama. Malam Buba ya ce ba mai gangarawa a wannan santsin, ya kai mu rugarsa, matarsa ta hura wa Dada wuta ta ba ta madara mai zafi. Aka kwana ana ruwa, Dada kuma ta kwana tana tari.

Bakin mayo

Da safe na gangara da motar a hankali, ni da Dada da Malam Buba, ƙafata a kan birki. Tun daga nesa na ji rurin ruwa. Mayon ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da rassan itace. Gadar katakon babu ita, sai ginshiƙi ɗaya a tsaye. Jiya da azahar, in ji Malam Buba, har babur ya bi ta kanta.

Mutanen ƙauyen sun san muna tafe. Ba a jima ba na hango su a wancan ƙetaren. Wani mutum yana jan doki, a kan dokin wata tsohuwa a lulluɓe, wani kuma yana riƙe da ita ta baya kada ta faɗi. Suka sauke ta, suka zaunar da ita a kan dutse. Ko a lulluɓe ana ganin ta rame ƙwarai. Na yi ihu, su ma suka yi, ruwa ya cinye muryoyin duka.

Na buɗe wa Dada ƙofa, na juyo da fuskarta wajen.

"Tana nan?"

"Ga ta can, Dada. A zaune."

"Ta rame?"

"Kaɗan."

"Wane zane ta ɗaura?"

"Shuɗi, mai ratsin fari."

Ta gyaɗa kai. "Ni na aika mata shi." Ta zura ido tana ta ƙoƙari, hawaye na bin kumatunta. "Ba na ganin komai sai haske. Ita tana ganina?"

"Tana ɗaga miki hannu."

Dada ta ɗaga nata, amma gefen da babu kowa. Na kama hannun na gyara mata. Can ta ce, "Danna mata hon, ta san ina ji." Na danna. Duk abin da ke jikin motar nan, shi ne ya yi mana aiki a ranar. Yapendo ta ɗora hannu biyu a ka, sannan ta miƙo su wajenmu.

Malam Buba ya ce ruwan ba zai faɗi ba sai an samu kwanaki ba a yi ruwan sama ba, gada kuwa sai rani. Tarin Dada ya koma shaƙewa, numfashinta na fita da ƙyar. Na bar wa Malam Buba kifin da atamfar ya ƙetarar da su idan hanya ta samu, na juya motar.

Komawa gida

Mun sake kwana a Serti, aka duba ƙirjin Dada aka ba ta magani. Washegari da la'asar muka shigo Jalingo lafiya. Ina godiya ga Allah da ya dawo da mu, ga abokina na Serti da iyalinsa, da Malam Buba da mutanensa da suka shiga laka saboda baƙon da ba su sani ba. Allah ya saka musu da alheri.

Na je gaida Baffa Sabo, na gaya masa abin da ya faru, kaina a sunkuye. Ya yi salati, ya dafe goshi. "Wallahi na manta. Direbana ne ya sa aka kwance farfelan tun tuni, wai yana shan mai, tunda a gari muke yawo. Ai ga shi can." Ya nuna ƙofar garejinsa. Da shi suke tokare ta kada iska ta rufe. Ranar da na zo sayen motar, sai da na tsallake shi.

Ban ga ƙarya a fuskarsa ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Da na buɗe baki na tambaya, da a ranar za a ɗaura shi.

Bakanike ya mayar da shi tun kafin shayinsa ya huce. Na kai motar yashin Mayo Gwoi, ta ratsa shi da ƙafa huɗu tana wasa. Kullum da safe Dada takan tambaye ni ko ruwa ya fara ɗaukewa, in ce mata saura kaɗan.

Ana tsakiyar damina saƙon rasuwar Yapendo ya iso. Ɗanta ya ce atamfar ta same ta da rai, a kan ƙirjinta take ajiye ta. Dada ta saurara har ƙarshe, ta yi mata addu'a, sannan ta juyo inda take jin numfashina.

"Ka ce kaɗan ta rame?"

"Kaɗan, Dada."

"To, alhamdu lillahi," in ji ta. Tun daga ranar ba ta sake tambayata labarin ruwa ba.