Fulmatiya, Mai Cire Pipal a Bangon Nalanda

Tun hazo bai tashi daga gonakin shinkafa ba, Fulmatiya Debi takan shiga kangon tsohuwar makarantar Nalanda, ƙugiyar ƙarfe a hannu, garin sattu na guzuri ƙulle a bakin zane. Matar wana ce, marigayi, shi ya sa nake ce mata Bauji. Aikinta cire tsiron da tsuntsaye ke shukawa da kashinsu a tsakanin jan bulo. A bar shi ya kwana biyu, saiwarsa ta tsaga bango.

Ni Jagdeo ban taɓa zama a aji ba. Amma ambaliya ta tafi da ni ta dawo da ni, kwalara ta share unguwarmu ta tsallake ni, maciji ya sare ni shi ya mutu. In na ce mutum jarumi ne, to a yarda kawai.

Ciyawa kowa na tugewa. Bishiyar pipal ce ba mai taɓawa a ƙauyenmu Bargaon, don alloli na zama a cikinta, wanda ya kashe ta kuwa 'ya'yansa ake jiye wa. Fulmatiya ba ta kashewa. Jiƙa wurin take, ta yi ta lallaɓawa da ƙugiya har saiwar ta fito lafiya, ta dunƙule ta da laka, da yamma ta dasa a bakin hanya. Inuwar nan da kuke bi zuwa kasuwa, daga bangon makaranta ta fito.

Wata safiya na same ta zaune a ɗakin ɗaliban dā, kan gadon dutse, ido a rufe.

"Bauji, barci kike a gadon malamai?"

"Rufe baki, sarkin cika-baki. Karatu suke."

Na kasa kunne, kurciya kawai na ji. Ita kuwa wai tana ganinsu cikin hazo, masu aski ƙwal da jan mayafi, waɗanda suka tako da ƙafa daga Sin da Tibet, mai tsaron ƙofa ya tsare su da tambayoyi kafin su shiga. Har fitilarsu take gani a alkuki.

"Wuta ta ci littattafansu," in ji ta. "Ɗakin nan kaɗai ya rage musu. In ya faɗi, ina za su zauna?"

Ke ce mai gadin waɗanda ba ki iya karanta sunansu ba, Bauji. Ke ce ba ki ɓata wa alloli ba, ba ki bar bango ya faɗi ba.

Bana idonta ya dushe, ta ajiye aiki. Ranar sallama aka rataya mata furanni, aka sha shayi. Sai ta ɗora ƙugiyar a bangon ɗakin nan, daidai inda sabuwar pipal ta leƙo da jan ganye. Samari kowa ya sunkuya kan wayarsa.

Na ɗauka.

"Kai? Da wannan gwiwar?" in ji ta.

"Gwiwar da ta gagari ambaliya?"

Na kai hannuna kan tsiron da gaggawa. Ta ɗora nata a kai. "A hankali, tsoho, ba maciji ba ne." Saiwar ta fito ko tsinkewa ba ta yi ba. A ƙofar gidanta na dasa ta.

Mun gode, Bauji, mu da masu jan mayafin. Ku kuma samarin Bargaon, ƙugiyar tana ƙarƙashin gadona. Ba gajiya na yi ba, ni ba na gajiya. Amma ku zo ku karɓa tun Bauji tana iya nuna muku da hannu, don tsuntsayen nan ba sa ritaya.