Kabarin da Malachy Bai Haƙa Ba

A Kilbarna, ƙauyenmu na yammacin Ireland, dangi ba sa haƙa kabarin nasu. Haka muka taso muka tarar. In an yi rasuwa, ɗan mamaci zai je ya buga ƙofar maƙwabta, su za su ɗauki diga da shebur. Shi nasa ya sa baƙin kwat ya karɓi gaisuwa, in lokaci ya yi ya sa kafaɗa a ƙarƙashin akwatin gawa. Duk wanda ka gani da ƙasa a hannu ranar jana'iza, to bare ne.

Shi ya sa babu ƙofar da ta sha bugu kamar ta Malachy Devane. Dogon mutum ne marar yawan magana, sana'arsa gyaran katangun dutse na gonaki, ga 'yan tumakinsa a bayan gida. Ɗan riƙo ne. Tom Devane da matarsa suka karɓo shi yana jariri daga gidan sistocin coci a 1958, zamanin da yarinya in ta yi ciki ba aure ake kai ta can ta haihu a ɓoye, ta dawo gida hannu rabbana. Sun riƙe shi da amana, wannan ba mai musu. Amma ka san bakin mutanen ƙauye. Cewa suke Malachy ba jinin kowa ba ne, don haka kabarin kowa ya halatta gare shi. Su faɗa su yi dariya, shi ma ya ɗan murmusa.

Abin ya tashi daga wasa ranar da Tom ya rasu. Ƙanen Tom ya ga masu haƙa ba su cika ba, sai ya ɗauki shebur ya miƙa wa Malachy, wai ai babu komai. Kai, ɗan Adam! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Malachy yana saurayi, ba shi da bakin yi wa babba musu, ya karɓa ya haƙa wa mutumin da ya zame masa uba kabari, yana haƙa yana kuka. A cikin ramin nan ya ɗaukar wa kansa alkawari sai ya san wadda ta haife shi, ko da kabarinta kawai zai tarar.

Shekara da shekaru yana zarya. Ya hau bas zuwa birni, wannan ofis ya tura shi wancan, a ba shi shayi da biskit, a gaya masa cikin ladabi cewa doka ba ta yarda ba, sirrin matar ne. Sirrin matar, ka ji fa, shi da ya fito daga cikinta. Akwai lokacin da suka tausaya suka ba shi takarda, amma an bi duk sunayen da baƙin tawada an shafe, abin da aka bar masa kawai nauyinsa ranar da aka haife shi. Matarsa Goretti ta duba ta ce to madalla, ko ba komai yanzu ya san bai zo duniya a rame ba. Takan ce ya haƙura haka nan, kansa ya yi furfura a kujerun jira. Amma duk ranar da zai sake komawa, ita ce mai goge masa riga.

A 2022 aka yi dokar da ta ba duk wanda aka ba da shi riƙo damar ganin ainihin takardar haihuwarsa. Malachy ya nema, ya jira, don mai haƙuri shi ke dafa dutse, shi kuwa dutse abokin aikinsa ne. Da takardar ta iso, a tsaye ya buɗe ta a bakin ƙofa. Sunan uwa: Delia Hession, shekara goma sha takwas. Bai buƙaci tambayar kowa ba. Delia Hession ita ce tsohuwa Delia Mannion ta bayan tudu kafin aure ya canza mata suna, wadda shi ya haƙa kabarin mijinta, shi yake gyara mata katanga.

Ya same ta da rana a kujerarta kusa da murhu. Ya cire hula. Ta dube shi, ta dubi farar rigar da ke jikinsa a ranar aiki, ta ce ashe an ba shi takardar. Ta ce ita tun yana ɗan yaro ta gane shi, tafiyar mahaifinta ce da shi sak, kuma duk Lahadi a bayansa take zama a coci tana kallon ƙeyarsa. Mijinta ya mutu bai sani ba. Ɗanta Fintan ma bai sani ba, kuma ba ta da sauran ƙarfin da za ta kalli idonsa ta faɗa.

"Ka bari sai na tafi, ɗana," in ji ta. "Daga nan kada ka ji kunyar kowa."

Yana da shekara sittin da huɗu a duniya, ranar ya fara jin kalmar nan daga bakin mai ita. Ya amsa mata da to. Daga nan kullum yana gidan, wai katanga yake dubawa, har Fintan ya riƙa tsokanarsa cewa katangar Mama ta fi kowace katanga gata a yankin. Malachy ya ci burodinta, ya sha shayinta mai kauri, ya riƙe bakinsa. Abin yana cin sa, amma alkawari kaya ne.

Lokacin haihuwar tumaki Delia ta cika. Da safe sai ga Fintan a ƙofa, kwalbar wuski a hammata kamar yadda aka saba kai wa masu haƙa, idanunsa sun yi ja.

"Kusa da Baba za a sa ta, Malachy. Kai ka ma fi ni sanin wurin."

"Ba zan haƙa ba, Fintan."

Fintan ya ɗauka ciwon baya ne, ya ce ba komai, ya zo kawai ya tsaya a kan samari ya nuna musu.

"Lafiyata ƙalau," in ji Malachy. "Wannan kabarin dai hannuna ba zai taɓa shi ba."

A Kilbarna wannan magana ba ta buƙatar fassara. Fintan ya fashe. Babu sunan da bai kira Malachy da shi ba: maƙaryaci, ɗan tsintuwa, mai ɓata sunan tsohuwa tun gawarta ba ta huce ba. Goretti ta kai hannu durowa za ta ɗauko takardar, Malachy ya girgiza mata kai. Ya ce wa Fintan shi ba gona yake nema ba, ba gida ba, kuma takarda tana nan duk ranar da ya so gani. Abu ɗaya ne: ya taɓa haƙa wa nasa kabari sau ɗaya, ba zai ƙara ba. Fintan ya dire kwalbar a kan katanga ya yi gaba.

Ranar jana'iza Malachy ya sa baƙin kwat ya je ya tsaya a ƙofar coci. Bai san ko korar kare za a yi masa ba, amma ƙafarsa ba ta motsa ba. Masu haƙa suka iso da laka har gwiwa, ɗayansu ya buɗe baki zai tambaye shi ko yau shi ne ango, sai ya ga fuskarsa ya haɗiye. Kafin fada, limamin cocin, ya gama addu'a, tsofaffin mata sun haɗa biyu da biyu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Aka zo ɗaukar akwati. Fintan ya tsaya a gaba, 'yan'uwa suka jeru. Ya juyo ya dubi Malachy, ya daɗe yana dubansa, wataƙila tafiyar kakan nasa yake nema, wataƙila katangar nan da ba ta taɓa rushewa ba yake tunawa. Sannan ya taɓa ɗan kawunsa da ke gefensa, ya ce ya koma baya.

"Zo nan," ya ce da Malachy. "Ka fi ni tsawo, sai ka ɗan rusuna, yaya."

Suka sa kafaɗa, kowa ya zagaya hannu ya riƙe ɗan'uwansa ta ƙarƙashin akwatin, yadda ake yi. Delia ba ta da nauyi ko kaɗan. A maƙabarta Malachy ya leƙa ramin da wasu suka haƙa, ya ga kusurwa ɗaya ta karkace, abin da bai taɓa bari ya wuce ba a rayuwarsa. Shebur na nan a soke cikin ƙasa dab da ƙafarsa. Ya dube shi, ya zura hannayensa cikin aljihu.