Mai Gadin Shinkafa Ya Gyara Mini Madubi

Dattijon yana tsaye a bakin gonar shinkafa a Bakolori, hularsa ta koɗe, danƙon harbi rataye a wuyansa. Ina jin tun yana yaro yake faɗa da tsuntsaye. Ni kuwa kallonsu ya kawo ni daga Talata Mafara, ina ta fama da madubin hangen nesa. Zoben daidaita idon dama sai zamewa yake, komai dishi-dishi, har na fara zargin idona.

Bayan mun gaisa ya ce, "Daidaita shi, Malam." Ya zaro guntuwar roba daga aljihu, ya ɗaure zoben tam.

"Kana ganinsu?"

"Tar, Baba."

"Ina suke?"

Na nuna masa da murnata. Ya saki dutse, suka watse.

Yanzu ina ganin gonar tar, ba tsuntsu ko ɗaya.