Motar da Ta Ƙi Yi wa Baba Magana

Jiya motata 'yar Kwatano ta mutu a hanyar Jakusko, ɗauke da lodin tumatirina. Makanikai uku suka yini suna laluben wani abu wai shi sansa a cikin wayoyin inji. Ni da na tsaya a aji uku ma na ga sun fi ni ɓata. Sai na tuna marigayi Baba, tsohon makanikinmu na Gashuwa.

Shi ba da ido yake bincike ba. Sukudireba yake ɗora wa inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido, yana warin baƙin mai da goro. Can sai ya ce, "Ta ce fulogi ne." Kuma fulogin ne.

Ranar da na kai masa wannan motar ina taƙama, ya buɗe bonet, ya nemi kafireto, babu. Ya saurara har goron bakinsa ya ƙare.

"Me ta ce, Baba?"

"Alhaji, wannan ba ta jin Hausa, ba ta jin Badanci. Ranar da ta yi shiru, ka nemi jaki."

Na yi dariya. Yau ga tumatirina yana ruɓewa a bayanta, jakin ma ban tanada ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa can inda ya je komai yana amsa masa.