Nonon da Nermin ta sha a Samsun

Nermin Aydin tana da shekara tara aka kawo ta Karlskrona ta ƙasar Siwidin daga Samsun ta Turkiyya. Ta yi karatun lantarki, ta karɓi fasfon Siwidin, ta auri ɗan gari, har kifin nan nasu mai tsami ta koyi ci ba ta yamutsa fuska. Burinta ɗaya a masana'antar jiragen ruwan da take aiki, a mayar da ita sashen jiragen yaƙi masu nutso. Can kuwa sai jami'an tsaro sun tantance mutum kafin ya taka ƙofa.

Wadda ta yi mata tambayoyi wata dattijuwa ce, Gunilla, mai fara'a irin ta wanda ya riga ya san amsa.

"Kin ce ba ki da kowa a Turkiyya. To wane ne Orhan?"

Nermin ta ce, "Yayana ne na shayarwa. Mahaifiyata ta yi jinya bayan haihuwata, babarsa ta ba ni nono."

"Jininku ɗaya?"

"A'a."

"Ba ɗan'uwanki ba, amma duk Sallah kuna waya. Ga shi hafsan sojan ruwan Turkiyya."

"Haba baiwar Allah, a wurinmu ko aurena ba zai iya yi ba! In wannan ba ɗan'uwa ba ne, to mene ne?"

Gunilla ta ce za su duba, ta raka ta har bakin ƙofa.

Tun daga ranar Nermin ba ta sake ganin kowa da idon da ba. Wa ya kai musu sunan Orhan? Bosse, abokin aikinta da ke harin wannan gurbin, ya miƙo mata burodin kirfa lokacin shan kofi, ta ce ta ƙoshi. Mijinta Mats, wanda bakinsa ba ya riƙe magana, ya rantse ba shi ba ne har ya gaji. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma ita kullum da shi take karin kumallo.

Har Sallah ta zo ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Da hantsi tana kicin waya ta yi ƙara, Orhan ne.

"Ƙanwata injiniya! Har yanzu kina ɗaure wa Turawa wayoyi? Yaya aikin, an ƙara miki girma?"

Tambayar da yake yi mata ke nan kowace shekara. Bana sai ta ji zuciyarta na cewa, shi kuma me ya sa yake son sani? Kunya ta kama ta, amma bakinta ya ƙi buɗuwa da gaskiya.

"Lafiya lau, Yaya. Ruwa ake ta yi a nan."

Orhan ya rage murya. "Nermin, da wani a kusa da ke ne?"

Ta waiga. Ita kaɗai ce a kicin ɗin.