Hantsar Akuya Cikin Zoɓo

Tana tsaye a shagon mai ƙanƙara a Dukawuya, rungume da kula. Hijabinta ya yamutse, idanunta sun yi zuru-zuru. Da alama malamar jami'a ce, rashin wuta ya koro ta daga ɗakin bincike.

"Ƙanƙara ta ƙare, Hajiya," in ji mai shagon. "Naman suna ne?"

"Hantsar akuya ce a kwalabe, Baba. Ina binciken ƙwayoyin halittar da ke umartar nono ya girma, ya kawo ruwa. In ta yi ɗumi, wahalar shekara ta tashi a banza."

Ba ta tsaya sauraron jajensa ba. Ta saye daskararren zoɓonsa kaf, ta durƙusa tana cusa ƙulli-ƙulli tsakanin kwalaben. Leɓɓanta sun bushe, amma ko ɗaya ba ta fasa ba.